Mun je Damana gaisuwar wata orkes

Waɗanda suka nemi wannan fili makon jiya ba su same shi ba, su yi mini gafara. Kawuna ne ya yi kira, kiran kawu kuwa ba a ce masa sai an jima. Ya ce in iske shi Damana ran Asabar, in zo da manyan pil shida da bik guda. Da na tambayi amfanin bik ɗin, sai ya ce: «Kai da kake ɗan jarida, taho ka gani da idonka.»

Abin da na je gani shi ne taron masoyan wata orkes da ta watse yau fiye da shekara talatin. Kowace shekara bayan kaka, idan hatsi ya shiga rumbu, waɗanda suka yi rawa da kiɗanta a ƙuruciyarsu sukan haɗu a gidan ɗayansu, su yini suna sauraren kaset. Ba zan faɗi sunan orkes ɗin ba, haka muka yi alkawari da masu taron. Cikin makaɗan da suka rage da rai akwai wanda a yau shi ne ladan a masallacin unguwarsu, kuma ba ya son jikokinsa su tsinci labarin a jarida.

Daga Yamai mun bi hanyar Filinge, muka yada zango Balleyara, sa'annan muka nufi arewa cikin Dallol Boso. Damana ita ce cibiyar Tondikandiya, ƙasar Zabarmawa mai maƙwabtaka da Kurfai, inda mutum yakan fara magana da Zabarmanci ya ƙarasa da Hausa ba tare da ya lura ba. Kusa da nan Fandu take, garin da aka haifi Janar Seyni Kunce a 1931, inda kuma aka rufe shi bayan ya rasu a Paris ran 10 ga Nuwamba 1987. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Na iske mutum wajen arba'in a ƙarƙashin rumfa, maza a tabarmi gefe guda, mata gefe guda. Tsofaffin mushen lakwal ne da malaman asibiti masu ritaya, da ƴan kasuwa, da wani tsohon direba da ya taso tun daga Bonkuku. A tsakiya, bisa tebur, an ajiye wani manyeto mai baki biyu, an lulluɓe shi da zane kamar amarya. Mai gidan, wanda kowa ke kira Mushe, ya fito da kaset daga cikin gwangwanin madara. Guda ɗaya ce tak. An ɗauke ta a wani bal na ƙarshen shekarar lakwal, da manyeton da aka ajiye gaban oparle. Sai kawu ya miƙo hannu na ba shi bik, ya zura a ramin kaset ɗin, ya shiga juya ta a iska don a mai da zaren farko ba tare da an ci pil ba. Ya dube ni ya ce: «To, ka ga aikin bik, ɗana.»

Ni da aka haifa bayan mutuwar Kunce, na je da zaton zan ji kiɗan tsofaffi, mai sanyi, irin wanda rediyo ke sakawa da hantsi. Abin da ya fito daga manyeton ya ba ni kunya. Gitar solo ce ke kuka kamar an taka wutsiyar kare, bas na bin ta a baya da takun kalangu, mai ganguna kuwa kamar yana da bashi a kan fatun. Waƙa ɗaya da Hausa, ta biyu da Zabarmanci, ta uku da wani harshe da suka rantse mini Sifaniyanci ne, irin na faya-fayan Kuba, ko da yake babu wanda ya san ma'anarsa har mai rera shi. Mai solo ɗin, Allah ya jiƙansa, an ce bai taɓa ganin Jimi Hendiriks ko Santana ba sai a bangon faifai. Wanda ya gani da ido shi ne Mona na Tawa, jagoran Azna de l'Ader, orkes ɗin da ta shigo da rok ƙasar Adar tun shekarun 1970. Sau ɗaya ya kalle shi, ya komo gida ya hana maƙwabta barci wata uku.

Wata Hajiya da ba ta iya tashi sai da sanda ta yi rawarta a zaune, kafaɗa kawai ke aiki, hawaye na zuba. Babu wanda ya dube ta, kowa na fama da nasa.

Yaya aka yi ƙauye irin wannan ya samu gitar mai lantarki? Amsar tana cikin siyasa. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, sojoji sun rushe jam'iyya, suka farfaɗo da Samariya don ta zama hanyar da hukuma ke kama matasa. A 1976 aka buɗe festibal na matasan ƙasa a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi. Kowane yanki na son ya fitar da ƴan wasan da za su kai shi gaba, kowane suparefe na son a ambaci garinsa a Muryar Sahel. Ta haka kayan kiɗa suka isa wuraren da ko lantarki babu, sai injin wuta na aro. Waɗanda suka iya riƙe su kuwa yawanci ƙananan ma'aikata ne da aka turo daga nesa, waɗanda suka koyi gitar a ɗakunan kwana na lise. A 1987 aka ƙaro gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu na Tawa, wadda ta fito da mawaƙa da dama.

Na tambayi ranar da orkes ɗin ta watse. Aka yi ta gardama, aka kasa daidaitawa, domin babu ranar. An yi wa mai bas canjin wurin aiki zuwa gabas. Bayan Taron Ƙasa na 1991 Samariya ta zama kayan tsohon mulki, babu mai son a gan shi kusa da ita, babu kuma mai sayen man inji. Albashi ya riƙa makara wata da watanni, mai ganguna ya tafi bida Abijan. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, tsirkiyar gitar da ake kawowa daga waje ta fi ƙarfin aljihun mushe. Daga baya mai biki ya gane cewa yaro ɗaya da piyano, ko ma kaset ɗin waƙoƙin finafinan Kano, ya fi masa sauƙi bisa ciyar da ƙarti bakwai. Wa'azi kuma ya ƙaru, bal ya zama abin kunya. Wata rana dai aka lura ampuli na ɗakin ajiya, kaji na ƙwai a bayansa.

A ƙasashen Turawa irin wannan taro sana'a ce. Beatles sun rabu tun 1970, amma duk watan Agusta masoyansu daga ƙasashe da yawa na cika Libaful ta Ingila har mako guda, otel-otel su cika, makaɗa masu kwaikwayonsu su yi ta kiɗa dare da rana. An kashe Jon Lenon a 1980, duk da haka a 2023 abokansa biyu da suka rage sun fitar da sabuwar waƙa da muryarsa, wadda aka tsamo da na'ura daga wata tsohuwar kaset da ya ɗauka a gidansa. Da na ba su wannan labari, Mushe ya dubi gwangwanin madararsa ya ce: «Ashe su ma kaset ɗaya ta cece su.» Na ce haka ne, Mushe, sai dai tasu ba a cikin gwangwani ta kwana ba.

Bayan an ci tuwo hira ta juya inda na san za ta juya. Tsohon direban ne ya fara: «Zamanin Kunce munka yi rawa har asuba, munka taka da ƙafa cikin dare daga wanga gari zuwa wancan, ba abin da munka ji tsoro sai kura.» Aka amsa masa da «wallahi» daga kowane gefe. Ba zan ƙaryata shi ba. A 2020 hukuma ta kai ga hana yawo da babur a sassan jihar Tilaberi saboda ƴan bindiga, kuma a watan Janairun shekarar ne aka kashe sojojinmu 89 a Cinagodar, arewa da nan. Taron da nake ba ku labari kansa da rana aka yi shi, da sharaɗin kowa ya kama hanya kafin magariba. Wanda ya san daren da, ya ga na yanzu, yana da hujjar yin kewa.

Amma na ce masa: «Baba, a gafarce ni, ban ga zamanin ba, karanta shi na yi. Ba a lokacin ne mutum ke waiwaye kafin ya yi magana a tasha ba? Ba a lokacin ne shugaba Jori Hamani ya shafe shekaru a tsare ba? Ita kanta kaset ɗin nan, waƙa biyu cikinta yabon hukuma ne.» Wuri ya yi tsit, na ce a raina yau na ɓata wa kawu suna. Sai Hajiyar nan mai sanda ta ce: «Ƙyale shi, yaron na da gaskiya. Waƙoƙin yabon nan ko a lokacin su ne muke fita shan iska in an fara su. Ni ba Kunce nike kuka ba, gwiwoyina nike kuka.» Aka fashe da dariya, har direban. Sai dai bai janye maganarsa ba, ni ma ban janye tawa ba.

Na daɗe ina tunanin wannan a hanya. Gaskiya ne hukumar soja ce ta sayi gitar, don amfanin kanta ta saya. Amma kukan da gitar ta yi ba suparefe ya rubuta shi ba, wani mushe ne mai shekara ashirin da biyar da ya raba dare yana neman sautin da ya ji a Tawa. Abin da ke damuna shi ne yadda ƴan siyasa na kowane zamani suka iya sayen irin wannan kewa da arha: su ce wa mutane kun tuna daɗin da, to bulalar da ce ta kawo shi. A rumfar nan na ga mutum ɗaya da ya yarda da haka, na ga da yawa da kawai ke son a sake juya kaset.

Ladan bai shigo ba. Tun azahar yana zaune a dakalin ƙofar gida, carbi a hannu, ya ba rumfa baya, wai jiran wani yake. Can da la'asar ta gabato, aka zo wata waƙa inda zaren ya ci, murya ta nutse, mutane suka shiga gardama a kan kalmar da aka faɗa a wurin. Sai muka ji daga waje, ba tare da ya juyo ba, ya faɗi kalmar. Ya ƙara da cewa: «Kullum nan kuke ɓata ta.» Sa'annan ya tashi ya tafi kiran salla, da muryar da muka gama saurare yanzun nan, ta tsufa da shekara talatin da wani abu.

Na roƙi Mushe ya ba ni kaset ɗin in kai Yamai a juye ta a kwamfuta, in maido masa cikin mako. Na kawo masa misalin Mamman Sani mai orgu, wanda ya ɗauki kiɗansa a 1978, kaset ɗin ta kusa ɓacewa, sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da ita a Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da ita a 2013, har Mamman Sani ya je Turai ya yi wasa. Kamfanin nan ne kuma ya fitar da faifan Azna de l'Ader. Na ce abin kunya ne a ce kullum sai baƙo ya zo daga Amurka ya nuna mana abin da ke cikin ɗakinmu, alhali muna da cibiyar kiɗa mai sunan Alhaji Taya, muna da rediyon karkara a garuruwa da dama, kuma kowane yaro na yawo da na'urar ɗaukar murya a aljihu. Na tuna masa Sa'adu Bori, wanda hatsarin mota ya ɗauke a 2008: shi don ya bar faifai, irin wanda suka yi da Musa Pusi a 1994, har yau ana jin sa daga Maraɗi zuwa Kano.

Mushe ya saurare ni har na gama, sa'annan ya ce: «Ɗana, da kaset uku gare mu. Ɗaya wani ɗan jarida ya ara.» Ban sake cewa komai ba.

Abin da ya yarda da shi shi ne in ajiye salulata gaban manyeto, kamar yadda aka ajiye manyeto gaban oparle a wancan dare. Haka na yi. Yanzu ina da minti hamsin da ɗaya na orkes ɗin, haɗe da tarin direba, da kukan akuya, da muryar ladan daga ƙofar gida. Na tura wa jikokin mutum shida da suka ba ni lamba, ɗaya a Kwatano, ɗaya a Agadas. An tsai da taron baɗi a Filinge, in hanya ta yi kyau.

Mun kama hanya rana na shirin faɗuwa. Pil ɗin sun ƙare a can, bik ɗin kuma kawu ya soke shi a aljihun rigarsa, bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.