Haƙorin Makka muna da kuɗinshi, bakin yaro kuwa "haka Allah ya yi shi"

Jama'ar Konni, Malbaza da Illela, yau maganar baki za mu yi, kuma ba kowa za ta yi ma daɗi ba.

Ku shiga kowace lakwal, daga Tsarnawa har Badagishiri, ku ce ma yaran CM su yi dariya. Za ku ga wanda fiƙarshi ta fito can sama cikin dasashi, da wadda haƙoran gabanta suka yi zaƙo-zaƙo har leɓe ba ya rufuwa, da mai rufe baki da gefen hijabi saboda sunan tsiyar da aka laƙa mata. In ka yi ma uban magana sai ya ce halitta ce. Alhali uban nan da haƙorin Makka yake amsa maka!

Wani karkacewar gado ne, mun yarda. Amma da yawa mu muke jawo shi. Haƙoran nono 20 ne, kuma kowane yana tsare ma na dindindin wurinshi. Matauna na nono ba su faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. To mu mi muke yi? Alawa da biski su cinye haƙorin tun yaro na shekara 5, ya hana gida barci, sai a kai shi wurin mai cirar haƙori na ranar kasuwa a fizge. "Ai wani zai fito." Zai fito, amma ina? Na kusa sun riga sun matso sun cinye filin, sai sabon ya hau kan ɗan'uwanshi. Ga kuma babban mataunin da ke fitowa can baya a shekara 6 ba tare da wani ya faɗi ba: iyaye na ɗaukarshi na nono, su bar shi ya ruɓe, alhali shi ne ginshiƙin cizo duka. Abin haushi, a daidai lokacin yaron ya fita daga kulawar kyauta ta 'yan ƙasa da shekara 5 da aka soma a 2006. Tsotson yatsa ma da muke ma dariya, in ya wuce shekara 4, tura haƙoran gaba yake waje.

Masu cewa wanga duk gayu ne, ku saurara. Haƙoran da suka hau juna asuwaki ba ya shiga tsakaninsu, nan ruɓa da ciwon dasashi ke samun mazauni. Waɗanda suka fito waje su ne ke fara karyewa in yaro ya faɗi wurin ƙwallo ko bisa kabu-kabu. Wanda na sama da na ƙasa ba su haɗuwa, tauna nama ma aiki ne. Masu tsoron canza halitta kuwa, malamai da dama sun raba gyaran lahani da neman ado. Ku tambaye su.

Gayun gaske yana wani wuri: wayar ƙarya da 'yan mata ke saya a intanet su manna don hoto. Ita wagga tana yanka baki, tana kuma iya jan lafiyayyen haƙori ta karkatar. Ƙasar Tailan haramta sayar da ita ta yi.

Mun san wayar gaskiya ba wasa ba ce. Sai an yi radiyo (ta asibiti, ba tamu ba), sai an koma randebu kusan kowane wata har shekara ɗaya da rabi ko biyu, kuɗin kuma ɗaruruwan jikkuna. Yamai ta fi kilomita 400 daga Konni. Sakkwato ta fi kusa, amma iyaka ce da wahalarta. Manomin albasa na Galmi ba zai iya wagga zirga-zirga ba. Shi ya sa muke nacewa kan abin da ke da arha. Likitocin gyaran haƙori na Amurka sun ce a duba bakin yaro kafin ya wuce shekara 7, lokacin da cike rami guda ko hana tsotson yatsa kan iya rage aikin waya gaba.

Don haka muna tambayar shugabannin kiwon lafiya na gundumomin nan uku da na ilimi: mi zai hana dantis ya zagaya ajin CI da CP ko sau guda a shekara, da fitila da madubi? Makirufo ɗinmu a buɗe yake, ku zo ku ba iyaye amsa.