Bayan yanke ƙafar mai ciwon sukari: ba yawan allura ne magani ba

A gidaje da dama na Maraɗi da Damagaram, da zarar an yanke wa mai ciwon sukari yatsa ko ƙafa, tambayar farko da dangi ke yi ita ce: allura nawa aka rubuta? Idan likita ya rubuta ƙwayoyi, sai a ce bai ɗauki ciwon da muhimmanci ba. Wannan tunani yana cin kuɗi, wani lokaci har da sauran ƙafar.

Hanyoyi uku ne ake isar da antibiyotik bayan irin wannan tiyata: ta jijiya, ta baki, ko a sa shi cikin raunin kansa, a ƴan dunƙulen siminti na likita masu ɗauke da gentamicin ko vancomycin. Hanya ta uku tana jan hankali saboda sukari na toshe hanyoyin jinin ƙafa, maganin da aka sha ba ya isa wurin sosai. Amma ƙa'idojin da ƙungiyar IWGDF ta ƙwararru kan ƙafar masu sukari ta fitar a 2023 ba su ba da shawarar ƙara ta a kan sauran ba, don hujjar amfaninta ba ta yi ƙarfi ba.

Batun allura kuwa, binciken OVIVA da aka yi a Birtaniya kan mutum 1,054 masu cutar ƙashi da gaɓɓai, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna ƙwaya ba ta gaza allura ba. Allura tana da wurinta, idan cutar ta yi tsanani ko ta shiga jini. Idan kuma an cire ruɓaɓɓen ƙashi duka, maganin ƴan kwanaki ya isa. Idan da saura, yana iya kai mako 3.

Abin da ke ceton dungun shi ne gwajin da zai nuna ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta, wankin ciwo a kan lokaci, saukar da sukari, da hana majinyaci taka wurin. Maganin ƴan tebur da ake sha kwana biyu a bari, ƙwayar cutar kawai yake koya wa taurin kai.

Don haka ɗan da ke Abijan ko Faransa yana turo kuɗi ya kamata ya canza tambaya. Maimakon "allura nawa?", ya tambaya: an yi gwaji? Wa ke wanke ciwon? Sukarin nawa ne yau?