A hutar da su, ko a bar su su yi ta bugu?

Jama'a, yau ba maganar canjin kuɗi ko kwastan za mu yi ba. Wasan besbol na Amurka za mu taɓa. Na san da yawanku ƙwallon ƙafa kuka sani, amma 'yan uwanmu da ke neman abinci a unguwar Bronx ta birnin New York, inda filin ƙungiyar Yankees yake, sun san cewa da zarar Satumba ya zo ƙarshe akwai gardamar da ke cika rediyo da shagon aski: ƙungiyar da ta riga ta samu gurbin zuwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale, shin kocinta ya hutar da manyan 'yan wasansa ne a sauran wasannin da suka rage, ko ya bar su su ci gaba da bugawa kada jikinsu ya yi sanyi?

Sai an san nauyin kakar wasan kafin a gane abin da ake ja a kai. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar, kowace tana buga wasa 162 cikin wata shida. Kusan kullum ana fili ke nan, ga tafiye-tafiyen jirgi daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Bayan duk wannan wahala, ƙungiyoyi 12 ne ke wucewa, kuma a can komai gajere ne: zagayen farko wanda ya ci biyu cikin uku, na gaba wanda ya ci uku cikin biyar, sannan huɗu cikin bakwai har zuwa wasan ƙarshe da suke kira World Series. Aikin wata shida yana iya rushewa cikin kwana uku.

Masu cewa kada a huta suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Mai bugu yana tsayawa ne da sandarsa a jefo masa ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 150 a awa guda. Ido da hannu sai sun saba kullum. Suna kawo misalin Colorado Rockies a 2007: sun ci wasa 21 cikin 22, suka share abokan karawarsu da wuri, sai suka zauna jiran kwana takwas kafin World Series. Da aka dawo, Boston Red Sox ta lallasa su huɗu ba ko ɗaya. Suna kuma kawo 2023, shekarar da Atlanta Braves mai nasara 104, da Baltimore Orioles mai 101, da Los Angeles Dodgers mai 100, duk suka samu hutun kwana biyar saboda sun fi kowa, kuma duk aka yi waje da su a karon farko da suka shiga fili. Dodgers ma ƙungiyar Arizona mai nasara 84 kacal ce ta kore su, ba su ci ko wasa ɗaya ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake tsince misalan. Houston Astros ta samu irin wannan hutun a 2022 ta ɗauki kofi. A 2024 Dodgers da Yankees duka sun huta, kuma su biyun ne suka haɗu a wasan ƙarshe. A 2000 kuwa Yankees ta sha kashi a wasa 15 cikin 18 na ƙarshen kaka, kowa ya ce ta mutu, sai ga ta da kofi a watan Oktoba. Idan wanda ya huta ya faɗi a ce tsatsa ce ta kama shi, idan wanda bai huta ba ya faɗi a ce gajiya ce. Bayan an ga sakamako ne kowa ke zama boka.

Daren da ya fi koya mini wani abu a kan wannan magana shi ne na 28 ga Satumban 2011, ranar ƙarshe ta kaka. Ƙungiyoyi biyu da suka riga suka tsallake, Yankees da Philadelphia Phillies, kowace tana karawa da wadda ke neman gurbi ido rufe. Kocin Yankees, Joe Girardi, ya zaɓi ya adana mutanensa. Ya fara da sabon yaro a wurin jifa, ya yi ta canza masu jifa har mutum 11, ya riƙa cire manyan masu bugu, kuma bai taɓa Mariano Rivera ba, wanda shi ne gwanin rufe wasa. Yankees na gaba da ci 7 da nema, amma Tampa Bay Rays ta farke duka, ta yi nasara 8 da 7 bayan ƙarin lokaci. Wannan nasara, haɗe da kashin da Boston ta sha a Baltimore a daren, ita ta fitar da Boston. Mutanen Boston har yau wasunsu na ganin Yankees ta saki igiya da gangan.

Shi kuwa Charlie Manuel na Phillies ya zuba manyan masu bugunsa a kan Atlanta, aka yi ta gwabzawa har zagaye 13 a wasan da aka saba gamawa a tara, Phillies ta ci 4 da 3. Faɗuwar Atlanta ta buɗe wa St. Louis Cardinals ƙofa. To, wa Phillies ta haɗu da shi a zagaye na gaba? Cardinals ɗin nan da ta shigo da su da hannunta. Suka fitar da ita a wasa na biyar da ci 1 da nema, duk da nasara 102 da ta tara a kakar, suka wuce har suka ɗauki kofin. Ita ma Yankees da ta huta, Detroit ta fitar da ita a wasa na biyar. Dare ɗaya, shawara biyu masu kishiyar juna, kuma kowa ya koma gida a mako ɗaya.

Don haka ni ba na auna maganar da wa ya ci kofi. Ina auna ta da abin da za a iya gyarawa da wanda ba za a iya ba. Mai bugun da idonsa ya ɗan yi sanyi, kwana ɗaya ko biyu ya dawo daidai, kuma ana iya shirya masa wasan gwaji da 'yan ƙungiyarsu a filin gida. Amma jijiyar gwiwar hannun mai jifa idan ta tsinke, tiyata ce da jinyar shekara guda ko fiye. Babban mai jifa ba ya fita sai bayan kwana huɗu na hutu, kuma da ya kai jifa ɗari ake fara neman mai canjinsa. Duk kocin da ya bar irin wannan mutum ya ƙure ƙarfinsa a wasan da ba ya ƙara komai, ya yi sakaci da dukiyar da aka ba shi amana. Wanda ke da babbar mota a cikinku ya san ba a jiran sai ranar lodin kayan Sallah kafin a kai ta gareji. Ga shi ma doka ta ba da sarari: a watan Satumba ana ƙara yawan 'yan wasan kowace ƙungiya daga 26 zuwa 28.

Hutun ma yana da iyaka. A 2012 Washington Nationals ta dakatar da Stephen Strasburg gaba ɗaya a farkon Satumba, saboda an yi masa tiyatar hannu a 2010 kuma shugabannin ƙungiyar sun ƙayyade masa yawan jifan shekara. Ita ce ta fi kowa nasara a kakar, 98, amma ta shiga sili-ɗaya-ƙwale ba tare da gwaninta ba, Cardinals ta fitar da ita a wasan da ta fara jagoranta da ci 6 da nema. An zagi shugabannin ƙungiyar sosai. Shekara bakwai bayan nan, a 2019, Strasburg ɗin ne ya zama gwarzon World Series da Washington ta ɗauka. Wasu na cewa wannan ya wanke su. Ni dai ina ganin da sun san adadin da za su ba shi tun watan Afrilu, sai su riƙa tsallake masa wasu wasanni a tsakiyar kaka, ya kai Oktoba da sauran ƙarfi. Laifin lissafi ne, ba laifin hutun ba.

Inda nake ɗan jan birki shi ne haƙƙin wasu. Akwai uban da ya tara kuɗin tikiti ya kawo 'ya'yansa su ga gwanin da suke so, sai ya tarar da shi zaune a benci da rigar sanyi. Akwai kuma ƙungiya ta uku, irin Boston ta 2011, wadda makomarta ke rataye da wasan da kai ka ɗauka ba komai ba ne. A nan ra'ayina ya rabu biyu bisa ga aikin mutum. Masu jifa da duk mai ciwo a jiki, a hutar da su ko wa ake karawa da shi, babu wanda ke bin koci bashin hannun ɗan wasansa. Masu bugu lafiyayyu kuwa, a riƙa ba su hutu ɗaya bayan ɗaya, yau wannan gobe wancan, ko su buga rabin wasa a cire su. Idan kuma abokin karawar yana neman gurbi ne, a bar su su gama wasan. Girardi ya yi daidai da ya ajiye Rivera a daren nan. Cire masu bugunsa tun wasa bai ƙare ba ne zan ci gaba da ja da shi a kai.