Kafin a ɗauko igiya, a fara da baki

Jama'a, akwai wani abu da ke ta yawo a TikTok da Instagram: hotunan mutum an ɗaure shi da igiya cikin tsari, kamar saƙa. Sunansa shibari ko kinbaku, daga Japan ya fito. Asalinsa dabarar ɗaure masu laifi ce da ake kira hojojutsu, wadda jami'an tsaro suka yi amfani da ita a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868. Daga baya wani mai zane, Seiu Ito, wanda ya rasu a 1961, ya taimaka wajen mayar da ita fasaha tsakanin manya biyu da suka amince.

Ni ba talla nake wa abin ba. Damuwata ita ce mai kallo hoto kawai yake gani, ba ya jin doguwar tattaunawar da aka yi kafin a ɗauka. Sai wani ya kwaikwayi ɗaurin ya watsar da ƙa'idar.

Su masu koyar da abin, darasinsu na farko magana ce. Me kike so, me ba ki so, ina ne ba a taɓawa, akwai ciwon da kike fama da shi? Sannan su tsayar da kalmar tsayawa. Da yawa launin fitilar hanya suke bi: kore a ci gaba, rawaya a sassauta, ja a kwance nan take, babu gardama. Kuma almakashi na kusa da hannu tun kafin a fara.

Dalili kuwa, igiya na iya nakasa mutum. Akwai jijiyar da ta ratsa damtse, idan aka matse ta sai hannu ya saki daga wuyan hannu, ya ɗauki makonni ko watanni kafin ya dawo. Wanda ya yi ɗaurin ba zai ji yatsu sun yi sanyi ko sun mutu ba, sai wadda aka ɗaure ta faɗa. To idan tana tsoron faɗa fa? Wuya kuwa ba a kai masa igiya sam, kuma ba a barin wanda aka ɗaure shi kaɗai ko na minti ɗaya.

Yarda ma tana da iyaka. A Ingila, dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 ta fayyace cewa wanda ya yi wa abokin kwanciyarsa mummunan rauni ba zai kare kansa da cewa "ai ita ta yarda" ba.

Gaskiyar magana, darasin nan ya wuce batun igiya. Shirun mace ba amincewa ba ne, wani lokacin kunya ce, wani lokacin tsoro. Wadda ta ce eh jiya tana da ikon cewa a'a yau. Mutumin da ke jin haushi idan aka ce masa ya dakata, bai cancanci a miƙa masa hannu ya ɗaure ba, domin tun kafin ya taɓa igiya ya riga ya nuna abin da zai yi da ita.

Me kuke gani?