Kafin Ka Haɗa Kwamfutarka da Intanet, Wa Ke Riƙe da Makullinta?

A makon nan zan tsaya ne a kan wani aiki da bai wuce na yini guda ba, amma rashin yinsa yana jawo wa mutane asarar wahalar shekaru: yadda ake shirya kwamfuta da kulle ƙofofinta kafin a haɗa ta da intanet.

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil a shekarar 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022, kwamfuta a wannan yanki kayan ofis ce, sai an je sakatariya ko wata babbar makaranta ake ganinta. Yau lamarin ya sauya. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta a 2015, kowane uba ya gane cewa ɗansa ba zai tsallaka jami'a ba sai ya iya taɓa wannan na'ura. A mazaɓar Dagumawa da maƙwabtanta, irin su Utai da Darki da Indabo, ba abin mamaki ba ne yanzu ka tarar da ɗalibi da laftof a jaka, ko malamin makaranta yana haɗa sakamakon jarrabawa a kanta, ko matashi mai shagon buga takardu da cike fom. Na'urar ta iso ƙauye, amma ilimin tsare ta bai biyo ta ba.

Ra'ayina a kan wannan ɗaya ne. Tsaron kwamfuta a ranar farko ake kafa shi, kuma mai kwamfutar ne ya kamata ya kafa shi da hannunsa, ko a yi a gaban idonsa yana fahimtar abin da ake yi. Wanda ya saya gida bai canza kwaɗon ƙofa ba, bai san mutum nawa ke yawo da makullinsa a aljihu ba.

Mu fara da yadda kwamfutar ke zuwa hannunmu. Mafi yawanmu 'yar gwanjo muke saya a kasuwannin birnin Kano, wadda wani ya gama amfani da ita a Turai ko Amurka. Mai shago kan ce "na zuba maka komai", mai saye kuma ya yi murna. Abin da ba a faɗa masa shi ne, sau da yawa babbar manhajar Windows da sauran manhajojin da aka zuba ba na halas ba ne, an fasa su ne da wasu ƙananan manhajoji da ba a san wanda ya rubuta su ba. Kafin irin wannan fasawa ta yi aiki, sai an kashe mai gadin da ke cikin kwamfutar, wato Windows Defender, kuma galibi ba a sake kunna shi. Daga nan a kashe sabuntawa don kada ta cinye data. Ba ina cewa masu shaguna mugunta suke nufi ba. Yawancinsu sauƙi suke nema wa mai saye. Sai dai sakamakon guda ne: an ba ka gida babu mai gadi, an kuma toshe hanyar da magini zai bi ya gyara tsagar bango.

Don haka matakin farko shi ne a goge duk abin da ke kan kwamfutar a sake zuba mata babbar manhaja mai tsabta daga shafin kamfanin da ya yi ta. Laftof da yawa 'yan gwanjo suna zuwa da lasisin Windows a jikinsu tun daga masana'anta, kuma da zarar an zuba irin wadda ta dace sai ta karɓa da kanta, babu buƙatar fasa komai. Bayan haka a buɗe asusu biyu: ɗaya na mai iko, wanda ba a shiga sai za a saka manhaja ko sauya tsari, ɗaya kuma na yau da kullum mai taƙaitaccen iko. Hikimar ita ce, muguwar manhaja tana samun ikon wanda ya buɗe ta ne. Idan ƙaninka ya latsa wani abu a asusu mai taƙaitaccen iko, ɓarnar za ta tsaya a ɗaki guda, ba za ta game gidan ba.

Batun sabuntawa kuwa, labarin WannaCry ya ishe mu darasi. A ranar 12 ga Mayun 2017 wannan muguwar manhaja ta bazu, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana kulle bayanan mutane tana neman fansar dala 300. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin dubban marasa lafiya. Abin takaicin shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan kafa tun a watan Maris na shekarar, wata biyu kafin harin. Waɗanda suka sabunta kwamfutocinsu sun tsira, waɗanda suka yi jinkiri suka sha wuya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan akwai matsala da ta shafe mu kai tsaye. Microsoft ta daina aiko da gyara ga Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ta kuma rufe tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin kwamfutoci da yawa, irin waɗanda suka cika hannun ɗalibanmu. Wanda kwamfutarsa ta faɗa wannan rukuni ba sai ya yar da ita ba. Akwai babbar manhajar Linux, musamman Ubuntu da Linux Mint, kyauta ne, ana sabunta su a kai a kai, suna tafiya lafiya a kan tsohuwar na'ura, kuma suna zuwa da manhajar rubutu da lissafi da ta ishi ɗalibi. Koyonsu ba ya wuce mako guda ga wanda ya sa kansa.

Sai mu zo ga hanyar shiga intanet. A ƙauyukanmu babu waya da aka ja ta ƙarƙashin ƙasa. Ko dai mutum ya kunna hotsifot na wayarsa, ko ya sayi ƙaramar na'urar MiFi, ko rawuta idan shago ne ko makaranta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan na'ura tana da kalmar sirri iri biyu. Akwai ta shiga Wi-Fi, wadda ake ba abokai. Akwai kuma ta shafin sarrafa na'urar kanta, wanda ake buɗewa ta adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, kuma a na'urori da yawa sunan shiga da kalmar sirrin duk "admin" ne daga masana'anta. Duk wanda ka ba Wi-Fi ɗinka zai iya shiga wannan shafi ya sauya abin da ya ga dama, har ya karkatar da kai zuwa shafin banki na bogi kana ganin kamar na gaskiya ne.

Kada a ɗauka wannan tatsuniya ce. A 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan rawutoci da kyamarorin tsaro a duniya, ba da wata gagarumar dabara ba, sai ta hanyar gwada kalmomin sirri na masana'anta kimanin 60 da masu na'urorin ba su taɓa canzawa ba. A ƙarshen shekarar aka yi amfani da wani nau'inta wajen kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar hari a Laberiya, abin da ya gurgunta intanet a ƙasar, kuma a Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure ɗan Birtaniyar da ya aikata hakan. Masu na'urorin da aka yi aikin da su ba su ma san an mayar da kayansu makami ba.

Gyaran wannan bai fi minti goma ba. A canza kalmar sirrin shafin sarrafawa. A zaɓi tsarin kulle WPA2 ko WPA3, a guji WEP wanda aka daɗe da karya shi. A kashe WPS, domin tun 2011 aka gano yana da rauni. Kalmar sirrin Wi-Fi kada ta zama lambar waya ko sunan ɗa ko shekarar haihuwa, abin da duk unguwa ta sani. Gara a haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, a cakuɗa da lambobi. Tsawo ya fi wuyar karyawa, kuma mai ita ba zai manta ba. Sannan duk lokacin da kwamfuta ta shiga sabuwar hanya, Windows tana rarrabe tsakanin hanyar gida da ta jama'a. A makaranta ko otal ko shago, a zaɓi ta jama'a, domin hakan yana ɓoye kwamfutar daga sauran waɗanda ke kan hanyar, ya kuma rufe musayar fayil. Katangar tsaro da ke cikin Windows, wadda ke tace abin da ke shiga da fita kamar yadda zaure ke tace baƙo, a bar ta a kunne kullum.

Amma ƙofar da ta fi cin ɗalibai a garin Wudil ba ta intanet ba ce, filashi ne. Ɗalibi ya gama rubuta kundin kammala karatu, ya kai shago a buga masa, ya dawo ya soka filashin a laftof ɗinsa. Kwamfutar shagon ta ga filashi ɗari a ranar. Sai ya tarar fayilolinsa sun koma alamomin gajeriyar hanya, da ya latsa ɗaya kuma cutar ta shige. Maganin mai sauƙi ne: a mayar da takarda PDF a tura wa mai shago ta imel ko WhatsApp, filashi bai taɓa kwamfutarsa ba. Wanda kuma dole ta sa ya buɗe imel ɗinsa a kwamfutar shago, ya tabbata ya fita kafin ya tashi, kada ya yarda burauza ta adana masa kalmar sirri. Kowane aiki mai muhimmanci ya zama yana wuri uku: a kwamfuta, a wani filashi da ba ya yawo, da kuma ma'ajiyar intanet irin Google Drive, wadda ke ba da gigabait 15 kyauta. Ɓarawo da ruwan sama da wutar lantarki mai hawa da sauka duk suna iya cinye kwamfuta, ba 'yan dandatsa kaɗai ba.

Na san abin da wasu za su ce: "Ni talaka ne, me ke cikin kwamfutata da za a sata?" Akwai imel ɗinka, wanda da shi ake sauya kalmar sirrin duk sauran asusunka. Akwai hoton katin NIN da lambar BVN da ka ajiye don cike fom. Akwai WhatsApp ɗinka, wanda idan an ƙwace za a roƙi 'yan'uwanka kuɗi da sunanka, su kuma su tura don sun yarda da kai. Masu wannan sana'a ba zaɓen mutum suke yi ba, taru suke jefawa, duk kifin da ya shiga nasu ne. Shi ya sa kunna tantancewa mai mataki biyu a imel da WhatsApp da Facebook ya zama wajibi, haka nan saka lambar sirri a kan layin waya, tunda ta nan banki ke turo lambar amincewa. Wasu kuma za su ce data ta yi tsada, sabuntawa tana cinye ta. Wannan koke gaskiya ne. Amma ana iya saita kwamfuta ta san cewa datar a ƙirge take, a ware dare ɗaya a wata a sayi datar dare mai rahusa a yi sabuntawar. Kuɗin bai kai na sake buga kundi ɗaya ba.

Masu shagunan cike fom da shugabannin makarantu nauyinsu ya fi na kowa, domin abin da ke cikin kwamfutocinsu ba nasu ba ne. Hotunan 'ya'yan mutane ne, da lambobinsu, da sakamakonsu. Wannan amana ce a addini, kuma tun watan Yunin 2023 da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta zama wajibi a doka. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hukunta mai kutse, amma hukuncinsa ba ya dawo da sirrin da ya riga ya fita. Mai shago ya riƙa goge takardun mutane da zarar an gama aiki, ya kuma raba kwamfutar aikin jama'a da wadda yake shiga asusun bankinsa.

Kirana na ƙarshe ga Jami'ar Aliko Ɗangote ne da Kwalejin Horar da 'Yan Sanda ta Wudil, makarantu biyu da Allah Ya ajiye mana a ƙaramar hukuma guda. Ɗaliban ilimin kwamfuta za su iya ware Asabar ɗaya a kowane zango su je wata makarantar sakandare a Dagumawa ko Lajawa ko Kausani, a ce duk mai laftof ko MiFi ya kawo, a zauna da shi a gyara a gabansa, a yi masa bayani da Hausa. Ba ya buƙatar kwangila ko kasafin kuɗi, inuwa da janareta kawai yake buƙata. Masu sayar da kwamfuta su ma su mayar da wannan bayani wani ɓangare na ciniki, kamar yadda mai sayar da babur ke nuna wa mai saye wurin zuba mai da birki.

Mai karatu kuma kada ya jira su. A daren yau ya buɗe shafin na'urar intanet ɗinsa ya gwada "admin". Idan ta buɗe, ya san daga inda zai fara. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu da sirrinmu. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.