Bindigar toka ma na'ura ce, a daina yi mata ɗuri da ka

Da rani ya kama, mafarautan Gantsa da ƙauyukan Buji kan shiga daji da bindigar toka, kuma da yawansu tafin hannu ne ma'aunin albarushinsu. Nan gizo ke saƙa. Bututun da maƙeri ya haɗa yana da iyakar abin da zai jure. Ƙarin albarushi ba ya gyara saiti, sai dai ya kusantar da fashewa a hannun mai harbi. Zuba hodar harsashin zamani ya fi muni, domin ƙarfinta ya zarce na baƙin albarushi nesa ba kusa ba.

Mai rubuta manhaja ba ya sauya abu biyu lokaci guda in yana neman kuskure. Maharbi ma ya tsaya kan ma'auni ɗaya da harsashi daidai bakin bututu, ya tura shi har ya zauna kan albarushi ba giɓi.

Ƙusa da guntun rodi suna cin bututu. Dalma ta fi taushi, amma tana barin guba a nama, shi ya sa jihar Kaliforniya ta Amurka ta hana farauta da ita tun 2019. A yanke wurin harbin kafin zomo ya shiga tukunyar yara.