Bakolori: Rajistar Gonaki Amana Ce Mai Buƙatar Sabuntawa

A watan Afrilun 1980 ’yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanyoyin aikin madatsar ruwa ta Bakolori, rayuka da dama suka salwanta. Cikin tushen rikicin akwai batun rubutu: wa ke da wace gona kafin kamfanin Impresit na Italiya ya baje filayen, nawa ce diyyarsa, ina kuma za a mayar masa? Itatuwa da kunyoyin da jama’a ke gane iyaka da su sun ɓace, takardun hukuma kuwa ba su gamsar da masu ƙasa ba.

Yau maganar ta dawo mana. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara magudanai, ya kuma ɗora kula da ƙanananansu a wuyan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Ƙungiya ba za ta karɓi kuɗin ruwa bisa adalci ba sai da ingantacciyar rajista. Ita kuwa rajistar gona saurin tsufa gare ta: an raba gado, an ba da jingina, ’yan bindiga sun kori wani daga ƙauyensa a Maradun ko Bakura. Idan gyaran suna zai ɗauki shekaru, maraya da bazawara ne farkon masu asara.

Addininmu bai ɗauki rubutu da wasa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur’ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma Sayyidina Umar ya kafa diwani domin kowa ya san rabonsa.

Don haka muna ganin a riƙa sabunta rajistar kafin kowane noman rani, a karanta sunaye da iyakoki a gaban dagaci da liman, a ajiye ta a takarda da kwamfuta, tare da sunan duk wanda ya yi gyara. Amma lambar waya da yawan amfanin gona su zama sirri, daidai da manufar Dokar Kare Bayanai ta 2023, domin a yankin da ake garkuwa da mutane, jerin masu hali makami ne a hannun azzalumi.

Ɗalibanmu kuma su raka iyayensu ofishin ƙungiya, su duba abin da aka rubuta da sunansu. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.